Waƙar da Na Juya Wa Baya

Rannan aka gayyace ni suna a unguwarmu nan Magariya, na je na ga abin da ya hana ni cin waina da daɗin rai. Uban jaririn, saurayi da bai wuce talatin ba, ya fito da ɗansa na fari a hannu, a gaban surukansa, a gaban liman, a gabanmu tsofaffi, yana sumbatar goshinsa, yana kiran sunansa da ƙarfi kamar mai tallar goro, wani kuma yana ɗaukar su hoto da waya. Alhajin da muke zaman majalisa tare ya yi tsaki, ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a nan, ya ce, "Mushe, ka ga zamani? Kunya ta yi ƙaura." Na ce, "Ta yi, Alhaji, ko sallama ba ta yi mana ba." Na taya shi tsakin don kada a ce na fita daga sahun dattawa. Amma abin da ban gaya masa ba shi ne, kishi ne ya kama ni, kishin jariri ɗan kwana bakwai. Ni da na haura saba'in, haƙora sun zube, ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba, kuma har yau ban san abin da ke ransa game da ni ba.

Ni ɗan fari ne, kuma a ƙauyenmu, can tsakanin Bande da Dungas, ɗan fari ba ɗan iyayensa ba ne a idon mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar babana, a cikin gida ɗaya, danga kawai ta raba mu. Baba ba ya kiran sunana, ba ya duban fuskata, ba ya cin abinci inda nake zaune. In yana son in yi wani aiki sai ya dubi ƙanena, ko ya dubi bango, ya ce, "A gaya wa wancan ya kai jaki rijiya," alhali wancan ɗin yana tsaye gabansa, hanci na yoyo. Inna ma haka, "yaron tsohuwa" take ce mini. Ƙannena kuwa su hau bayansa, su ja gemunsa, ya gutsura musu ƙuli-ƙuli daga aljihu. Ni ma ana ba ni nawa, amma ta hannun kaka yake biyowa, kamar sadakar da ba a son a san mai ita. In na yi ƙorafi sai kaka ta ce, "Kai dai ba ka da wayo. Tuwon da aka fi ji da shi ai shi ake rufewa da faifai." A raina nakan ce tuwon da aka manta da shi ma a rufe yake. Mu ma an koya mana namu rabon na kunyar. In ubanka ya shigo ka fita, in aka ambace ka a gabansa ka sunkuyar da kai, in kuwa shi da kansa ya kusa taɓo zancenka, to ka tattara ƙafafunka ka ba da wuri. Yaron da ya zauna yana sauraron ubansa na maganarsa, marar ta ido ne, har ya yi aure ana tuna masa.

Baba makaɗin manoma ne. Wanda bai ga gayya a zamaninmu ba, ban san yadda zan kwatanta masa ita ba. Tun kafin rana ta fito za ka ji gangar noma daga gabas da gari, tana shiga ciki kafin ta shiga kunne. Samari su fito da hauya a kafaɗa, raɓa na jiƙa musu ƙafa. Kowane ƙato yana da takensa, in Baba ya buga naka ko zazzaɓi kake yi sai ka miƙe. Ka ji hauya talatin na shiga ƙasa lokaci ɗaya, 'yan mata na guɗa daga gindin tsamiya, ludayi na bugun ƙwaryar fura, wani rago ya faɗi an yi masa dariya har an sa shi cikin waƙa. In aka tashi, bayan la'asar, sai Baba ya ajiye ganga ya ɗauki gurmi, ɗan abin nan mai tsirkiya biyu, ya zauna ƙofar gida yana waƙoƙi masu sanyi, na rijiyoyin da suka ƙafe da shanun da suka mutu da mutanen da suka tafi cin rani ba su dawo ba. Ni daga bayan danga nake ji. Yanzu ka bi gonakin nan da damina, shiru kamar maƙabarta. Gonar da ƙato talatin ke shiga an yayyanka ta gado bayan gado, ta koma kamar tabarmar salla. Samarin sun haye iyaka ko sun nufi arewa neman kuɗi, wanda ya rage kuma yana noma shi kaɗai da zaren waya a kunne, yana gyaɗa kai ga kiɗan da maƙwabcinsa ba ya ji. Na tambayi jikokina ko sun san abin da ake kira take, ɗaya ya ce ko wani irin abinci ne.

Ina da shekara takwas ko tara aka aiko wa mai gari ya ba da yara a kai lakwal, makarantar boko. A lokacin ba gata ba ne, kamar a ce an ɗauke yaro soja ne. Masu hali suka ɓoye nasu cikin rumbu, abin ya faɗo kan waɗanda ba su da bakin magana, makaɗa da maƙera da wanzamai. Dogari ya tsaya ƙofar gidanmu da sandarsa ya ce a ba shi ɗa guda. Baba na zaune yana ɗinkin fatar ganga. Ni da ƙanena muna tsaye, kusan tsayinmu ɗaya. Ban ga ya yi nuni ba, ban ji ya yi magana ba, sai dai na ji hannun dogari a wuyan rigata. Kaka ta yi kururuwa har ta faɗi. Baba bai ɗaga kai ba, basilla na shiga tana fita. Na san uba ba ya tsayawa ya yi gardama a kan ɗan fari, mutane za su ce ya zubar da girma. Amma tun daga ranar tambaya ɗaya ta zauna mini a ƙirji, ta girma tare da ni, ta tsufa tare da ni: ƙwace ni aka yi yana ji yana gani, ko kuwa ni ne wanda ya ga zai iya rasawa?

Na yi lakwal a Magariya, na ƙara gaba, na dawo aka ba ni koyarwa a Bande. Na zama mushe, wando da takalmi, biro a aljihu, in aka tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce manomi ne, in haɗiye sauran. Cikin wata kaka, ana tsakiyar yankan gero, motar wani Bature ta mace a bakin tasha. Makanise ya buɗe ta ya ce sai an samo wani ƙarfe daga Kano, kwana uku. Kowa ya san kwana ukun makanise, sai da aka kusa wata. Da yake babu wanda ke jin bakinsa, aka aiko a kira mushe. Na tarar da dogon mutum siriri, gashi har kafaɗa, rana ta dafa masa hanci, yana zaune a ƙasa kan tabarmar mai shayi. Ba irin Turawan da muka sani ba ne, ɗan Ingila ne, Faransancinsa gurgu, nawa na littafi, muka haɗa guragu biyu muka yi tafiya. Kayansa kaɗan ne, garaya irin tasu mai tsirkiya shida, da ɗan akwatin ɗaukar magana mai cin kaset da batir, da wani sunduƙi da sai ƙato biyu suka sauke. Mutane suka taru suna zaton zinariya ce, aka buɗe sai littattafai. Makanise ya rantse su ne suka karya motar.

Baturen mawaƙi ne, in ji shi. An haife shi a wani garin bakin teku inda ruwan sama ba ya jiran damina. Ubansa ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, mutum marar magana, har ya mutu bai taɓa zuwa ya ji ɗansa na waƙa ba. Karatu kuwa ya same shi a wani gida da ake ba da aron littattafai kyauta, nan yake fakewa in sanyi ya kore shi daga titi. Ya fara waƙa a gidajen shaye-shaye, ana surutu ba a sauraronsa, har ya kai an fara sayen faifansa, sai kuma abin ya ishe shi, ya ce yana son ya ga ƙasar da waƙa ke aiki, ba nishaɗi kawai ba. Kullum da safe sai ya zaro littafi guda ya karanta da ƙarfi, yatsa na bin layi kamar ɗan aji ɗaya. Yawanci rubutattun waƙoƙi ne na mutanen da suka daɗe da mutuwa, da tsofaffin waƙoƙin matuƙa jirgi da makiyaya waɗanda wasu suka bi tsofaffin mata suka rubuto daga bakinsu kafin su tafi da su kabari. Ya ce mawaƙin da ba ya karatu rijiya ce marar ido, yau da gobe sai ta ƙafe. Da ya ji cewa muna da waƙoƙi a rubuce da ajami, sai da ya sa na kai shi wurin wani malami, ya zauna rabin yini yana shafa takardun da ba ya iya karanta ko harafi ɗaya a ciki. Daga nan ya ce yana son ya ga makaɗi na gaske. Na yi ta kewaye-kewaye, mai shayi ya tona ni, ya ce, "Ai ga ɗan makaɗi nan gabanka, Nasara. Ubansa ne sarkin kiɗan noma na yankin nan duka."

Haka na kai shi ƙauyenmu, raina ba ya so. Aka shimfiɗa tabarma, Baba ya zauna, baƙo ya zauna, ni kuma dole in zauna tsakaninsu. Wani kawuna ya ɗaga gira, Baba ya dubi sama ya ce, "Ba ɗa ne ke zaune nan ba, bakin baƙo ne." Shi ke nan, aka ba ni wuri. A karo na farko a rayuwata na zauna tabarma ɗaya da mahaifina, har ina jin warin tabar da ke aljihunsa. Ba ya cewa "gaya masa", Baturen yake duba kai tsaye kamar yana ji, ni kuma in juya maganar. Na juya wa Baba maganar rijiya marar ido, ya yi murmushi ya ce, "To baƙo, su waɗanda suka rubuta na farko, wa suka karanta?" Baturen ya yi wata irin dariya mai kama da tari, ya zaro kaye, ɗan littafin rubutunsa, ya rubuta. Ya buga musu tasa garayar, ya rera wata waƙar matar da mijinta ya tafi teku, Baba ya saurara ido rufe, ya ce, "Ban ji abin da ka ce ba, amma wani ya mutu a ciki." Baturen ya ce haka ne.

Duk ranar da babu lakwal muna can. Sannu a hankali Baba ya fara gaya wa baƙo abubuwan da ba su da amfani ga baƙo. "Baƙo, in za ka sayi fatar ganga, kada ka sayi ta akuyar da ta mutu da kanta." "Baƙo, iyakar gonarmu ta yamma ba aduwar nan ba ce, tsohon kututturen da ke bayanta ne, kada wani ya ruɗe ka in ba na nan." "Baƙo, mahaifina yana kwance arewa da kukar can, kabari na uku." "Baƙo, in matarka ta yi fushi kada ka biye mata da rana, ka bari ta ci abinci." Mutumin da ko mata ba shi da ita, kuma wata mai zuwa yana ƙasarsu! Ni kuwa, da duk karatuna, ina juyawa kalma bayan kalma, Bature na cika kaye, ina cewa a raina tsufa ya fara kama Baba, ya zama mai surutu. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ni ba rimi na hau ba, tebur na hau da alli a hannu, kuma ban hango komai ba.

Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe, muna gona mu duka. Bayan la'asar Baba ya ɗora wa ƙannena kaya a jakai ya ce su wuce gida, kada su dawo. Muka rage mu uku a gindin tsamiya, gona ta yi fili, sai karan gero a tsaye da kukan kurciya. Ya zaro gurmi daga jakarsa, ya daɗe yana gyara tsirkiya, abin da ba ya ɗaukar masa lokaci. Sannan ya ce, "Baƙo, akwai wata waƙa da ban taɓa yi wa kowa ba. Ba ta gayya ba ce, ba ta biki ba ce. Shekara goma sha huɗu tana cikina. Buɗe akwatinka." Na juya maganar. Baturen ya danna abinsa. Baba ya fara, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san yana da ita ba:

Ran da dogari ya tsaya ƙofar gida,
Ya ce ɗa yake so, ba damin gero ba,
Ina zaune ina ɗinki, basilla a hannuna...

Na gane ranar, na gane ɗan. Kafin in yi tunani ƙafafuna sun riga sun miƙe, don abin da aka koya musu ke nan tun suna rarrafe. Baturen ya ce, "Mushe! Mushe!" Na ce masa zan dubo jaki, alhali babu jaki ko ɗaya a gonar. Na kutsa cikin kara, na yi ta tafiya har kalmomi suka narke, sai amon gurmi kawai ke iso ni. Waƙar ta yi tsawo, inuwata ta ninka kafin ta ƙare. Kuma wallahi, don in faɗi gaskiya, a tsaye nake ina jin daɗin kaina. Ina cewa yau Baba zai ga lakwal ba ta lalata ni ba, zai ga ɗansa mai wando bai zubar da kunya ba. Da na ji shiru na dawo, na tarar yana mayar da gurmi cikin jaka. Bai dube ni ba, kamar kullum. Ya ce, "Baƙo, ka yi haƙuri, na ɓata maka zaren akwatinka a banza." Har wannan ma sai da na juya masa da Faransanci.

Washegari a Bande Baturen ya zo ɗakina da akwatinsa, fuska ba walwala. Ya ce in zauna in saurara in gaya masa abin da tsohon ya ce. Abokan aikina biyu na zaune suna shan shayi. Yaya zan zauna a gabansu in ji ubana na maganata, in kuma fassara da bakina? Na ce masa tsohuwar Hausa ce mai wuya, a bari sai wata rana. Ya dube ni ya daɗe, ya rufe akwatin. Kwana biyu bayan haka ƙarfe ya iso daga Kano. Baturen ya rubuta mini adireshinsa, ya juya kan motarsa arewa, ta hanyar hamada da ya biyo. Baƙo raɓa ne. Da ya tafi, tabarmar ma ta tafi, na koma bayan danga, na koma "wancan". Damina uku bayan haka, shekarar da ruwa ya ƙi, Baba ya rasu ina can wani gari mai nisa da aka tura ni, kafin in iso an rufe shi. Na tambayi ƙannena, babu wanda ya taɓa jin waƙar. Na daure na tambayi Inna, ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ni ina na sani? Tsakaninsa da gurminsa ne." Sai da maƙwabci ya zo zai ci mana iyakar yamma, na ji bakina na cewa ba aduwa ba ce, kututturen da ke bayanta ne, sannan na gane wanda Baba ke yi wa magana duk watan nan. Ya yi wata guda yana gina mini hanya, da muka zo bakin ƙofa na juya masa ƙeya.

Na rubuta wa Baturen wasiƙa sau uku, ko ɗaya ba a amsa ba. Daga baya wani abokin aiki mai son kiɗan waje ya ce mini mutumin ya zama babba a ƙasarsu, irin waɗanda wasiƙar ƙaramin mushe ba ta isa hannunsu. Ban ji haushi sosai ba. Na riƙe abu ɗaya: Turawa ba sa zubar da komai, an ce ko fasasshiyar tukunya suka samu sai sun sa ta cikin gilashi. To muryar Baba na can cikin wani akwati a ƙasa mai sanyi, amsar tambayata a naɗe, tana jira. Ko ban ji ta ba, tana nan. Da wannan na yi aure, da shi na yi shekara talatin da wani abu ina cin ƙurar alli, da shi na yi ritaya. In abin ya taso mini sai in ce wata rana, kamar dai yadda na gaya wa Baturen.

Sati biyu bayan sunan nan, muna zaune da Alhaji a inuwar dogon yaro bayan azahar, rediyona na kan gwiwa, wata tashar waje na shirin al'adu da Hausa. Mai gabatarwa ta ce yau za su kawo hira da wani tsohon mawaƙin Ingila da ya haura tamanin, ya daina waƙa don murya ta ƙi, ya rubuta littafin rayuwarsa. Ana jin muryarsa ƙasa-ƙasa, mai fassara na bisa. Ya yi zancen garin bakin teku, da uba ɗan dako, da gidan aron littattafai. Ya ce gidansa yanzu littattafai sun kai rufi, amma ido ya tafi, sai 'yarsa ke karanta masa tsofaffin mawaƙan da yake so, kullum da safe. Aka yi masa wata tambaya ya yi dariya, dariyar nan mai kama da tari. Na ce wa Alhaji, "Don Allah yi shiru." Alhaji bai ce komai ba ma.

Ta tambaye shi, cikin duk waƙoƙin da ya ji da waɗanda ya karanta, wacce ta fi tsaya masa. Ya ce ba ta cikin littafi. Ya ce yana saurayi motarsa ta lalace a wani gari kudu da Damagaram, wani tsoho mai ɗan abin kiɗa mai tsirkiya biyu ya yi masa waƙa a gona bayan girbi. "Ban ji ko kalma ɗaya ba," in ji mai fassara, "don ɗansa, wanda ke juya mini magana, ya tashi ya tafi tun a baiti na farko. Na daɗe ina jin haushin saurayin nan, na ɗauka raina ubansa yake. Tsohon bai dube ni ba ko sau ɗaya. Bayan ɗansa yake kallo har ya ɓace cikin kara, ya ci gaba da kallon wurin har ya gama, hawaye na sauka cikin gemunsa." Ta ce ina kaset ɗin yanzu. Ya ce a hanyar komawa ya manta jakar kaset a gaban mota cikin hamada, rana ta narkar da su duka, suka dunƙule. Ya ce ya yi shekara hamsin yana buɗe littattafai ko zai ci karo da abin da tsohon nan ya faɗa, bai samu ba, kuma yanzu ko amon ya ɓace masa. Daga nan suka sa wata tsohuwar waƙarsa, aka wuce labarin wasanni.

Alhaji ya ce, "Mushe, lafiya?" Na share ido na ce hayaƙin gawayin shayi ne. Mutum biyu aka yi wa waƙar nan, mai jin Hausa ya tashi, wanda ya zauna ba ya ji. Ashe duk shekarun da nake cewa tana can tana jira, ta riga ta narke tun Baba na da rai, tun ina iya zuwa in durƙusa bayan danga in ce a maimaita. Na san yanzu ya yi kuka, na san ya kalle ni, ko da bayana ne. Amma kukan wanda aka ƙwace wa ɗa da kukan wanda ya ba da ɗa da hannunsa duk hawaye ne, kuma babu mai rai da zai gaya mini wanne ne. Baƙin cikin da na ji ranar ya fi na ranar da aka ce mini ya rasu.

Ni ma ina da ɗan fari. Yana Dungas yana sayar da hatsi, furfura ta fara fito masa. Yadda aka yi mini haka na yi masa, ban rage komai ba, duk da boko da wando. Ranar kasuwar Dungas na hau mota, ƙasusuwana na ƙara a kowane rami, ina ta shirya magana a hanya, na tsara ta kamar darasi. Ba ni da gurmi, ba ni da baƙo, na ce ko da baki ne zan faɗa. Yana hango ni ya zabura ya durƙusa, ya kawo kujera, ya koma bakin rumfa ya tsaya, ido a ƙasa. Muka gaisa ta gefe, ya gida, ya kasuwa, ya yara. Da masu saye suka ragu, na dubi wani buhun wake da ke gabana, na gyara murya, na ce wa buhun, "Ran da aka haifi wani yaro a Bande, ina cikin aji aka zo aka gaya mini, alli ya faɗi daga hannuna..."

Ya ce, "Baba, bari in samo maka ruwa mai sanyi."

Ga randa nan cike a bayansa. Na buɗe baki in kira shi, sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya, don bai san hanyar fita ba. Na zauna ina kallon bayansa har ya shige cikin 'yan kasuwa. Yaro ne mai tarbiyya, kowa na faɗa. Ni na koya masa.